Babur Mai Ɗaukar Babbar Riga

Shekara goma sha tara Malam Jinaidu bai hau babur ba, tun ranar da tayar baya ta cafke masa babbar riga a hanyar Auna, ya karye a ƙafa. Da ya yi ritaya, sai ya nufi shagon Tanimu mai babura.

Tanimu ya nuna masa wani siriri mai gudu, Jinaidu ko kallonsa bai yi ba. Ya zauna kan wani ƙato mai gajeren sirdi, ƙafafunsa suka taka ƙasa, ga jakunkunan fata sun rufe tayar baya ruf.

Tanimu ya ce, "Baba, ai da za ka koma kaftani, kowanne ma sai ka hau."

Jinaidu ya saɓa rigarsa a kafaɗa. "Babur na zo sauyawa, Tanimu, ba riga ba."