Baƙar Rigar Katanga

"Ka matsa min daga ƙofar nan, ko in bi ta kanka," in ji matar Katanga.

Maigadin bai motsa ba. Ya dubi silifas ɗinta, ya dubi ledar da ta rungume a ƙirji, ya ce, "Mama, sai da kati. Yau ma ranar manyan baƙi ce."

"Kati? Lokacin da mijina yake shan turɓaya a gaban raga don ƙasar nan, wa ya tambaye shi kati? Kai uwarka ko zani ba ta fara ɗaurawa ba a lokacin."

Abin da ya fito da ita tun da safe, ya sa ta hau bas biyu da ciwon gwiwarta, a talabijin ta gan shi jiya. Tana ba mijinta abinci a baki aka nuno sabon ɗakin tarihin da hukumar ƙwallon ƙafa ta gina a gefen babban filin wasa. Wa ke riƙe da almakashi tana yanka ƙyallen buɗewa? Auta, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ta sha ado, ana ta haska ta da kyamara. A bayanta ga wani ƙaton hoto ya cinye bango guda, hoton 'yan wasan da suka ciyo wa ƙasa kofin nahiya. Matar Katanga ta ajiye cokali ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin. Kowa yana nan. Mijinta ne kaɗai babu. An yanke shi daga gefe, sai hannunsa kawai aka bari, dafe da kafaɗar mijin Auta.

Su biyun 'yan ƙwallo suka aura, kuma a ƙungiya ɗaya. Ita ta auri gola, wanda 'yan kallo suka sa wa Katanga. Auta ta auri ɗan gaba, Lamba Tara. A wasan ƙarshen nan da har yau ake ba da labari, ƙwallo ɗaya tak aka ci, kuma kowa ya san a ƙwaurin Lamba Tara ta bugu ta gangara raga, shi kansa bai san ta shiga ba sai da ya ji ihu. Katanga kuwa tun daga farko har ƙarshe ruwan ƙwallo ake yi masa. Ya tare fenariti da yatsu biyu, suka karye, aka ɗaure masa da tsumma ya ci gaba. Tun daga ranar, shekara arba'in da ɗoriya, kofin bai sake kwana a ƙasar ba. An je wasan ƙarshe an dawo da hawaye, an yi shekarun da ko wasan share fage ba a tsallake ba. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi. Lamba Tara ya rasu da ƙuruciyarsa a haɗarin mota, aka sa wa titi sunansa, ya zauna a hoto kullum saurayi. Katanga ya tsufa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya daina magana, ba wanda ya taɓa leƙo shi.

Tana cikin musu da maigadi wata farar mota ta tsaya. Direba ya zagayo ya buɗe ƙofa, Auta ta fito.

"Yaya! Ke ce? Ku bar ta, yayata ce."

Nan take maigadi ya kauce har da rusunawa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Wai yau da sunan Auta za ta shiga, Autar da ta goya, ta share wa majina.

"Har mota suka ba ki," ta ce, ko gaisuwa babu.

"Ta hukuma ce, Yaya. Da yamma za su karɓe abarsu. Ya jikin Yaya Katanga?"

"Kin san hanyar gidan ai."

Cikin ɗakin sanyi kamar firij, ƙasa tana sheƙi, silifas ɗinta sai ƙara yake yi. Ta wuce hotunan shekarun da aka sha kashi, duk an yi su ƙanana an jera a lungu. Ta wuce kofin, yana juyawa shi kaɗai a kan wani abu. Ta wuce akwatin gilashi da fitila a cikinsa, inda aka rataye rigar Lamba Tara, takalmansa a ƙasa. Ta tsaya a gaban babban hoton. Ga hannun nan, ya fi kanta girma, yatsu biyu naɗe da tsumma.

"Wane ne babba a nan?" ta ɗaga murya. "A kira min shi!"

Baƙi suka waiwayo. Wani mai kwat da katin wuya ya taho da sauri yana murmushin dole. Sakataren hukumar ne.

"Mama, a yi haƙuri, a rage murya. Me ya faru?"

"Hannun wa ke nan?"

Ya ɗaga kai ya duba, kamar yau ya fara ganin hoton. "Wannan ai... ina jin na wani jami'i ne."

"Jami'in gidanku! Ƙirga min 'yan wasan. Ni ban yi boko ba, amma na san mutum goma ba sa shiga fili. Ina golanku? Ko aljani ne ya tsare muku raga?"

Sakatare ya ƙirga da ido, leɓensa yana motsi. Ya ciro waya, ya koma gefe ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya dawo yana share gumi duk da sanyin.

"Mama, kuskure aka samu. Hoton ya fi bangon faɗi, dole aka rage gefe. Kamfanin da ya buga ya ga kowa da farar riga, shi kaɗai da baƙa, sai suka ɗauka alƙalin wasa ne."

"Alƙalin wasa? Wane alƙali ne zai rungumi ɗan wasa yana washe baki? Da haka ne ai da tuni an ƙwace kofin." Wasu daga cikin baƙin suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. "Gola ba ya sa riga irin ta sauran, ko yaran unguwa sun san wannan. Rigar da ta bambanta shi a fili ita ce ta kore shi daga bango? To ga ta."

Ta zazzage ledar. Baƙar riga mai dogon hannu, ta koɗe ta zama ruwan toka, gwiwar hannu da faci, lamba ɗaya a baya ta fara ɓarewa.

Idon sakatare ya buɗe. "Ta wasan ƙarshen ce? Ita kanta? Mama, wannan ai dukiyar ƙasa ce. Da mun san iyalan marigayi suna da..."

"Marigayin wa? Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Da safen nan na yi masa wanka."

"Yana da rai?"

"Ya fi ka cin abinci."

Daga nan sai abu ya juya. Aka kawo mata kujera, aka kawo lemo. Sakatare ya ce za a sake buga hoton, za a kuma ba rigar akwatinta na gilashi. Ta ce a ina? Ya nuna can kusa da ƙofar fita. Ta ce a'a, nan, kafaɗa da kafaɗa da na Lamba Tara. Ya ce to. Ta ce da fitila. Ya ce da fitila. Ta ce tunda gola ya fi kowa tsawo a ƙungiyar, a ɗaga nasa ya ɗara wancan ko da taƙi ɗaya ne. Ya ce za a duba. Ta saci kallon Auta don ta ga yadda fuskarta za ta yi.

Auta ba ta ma saurare su ba. Ta ɗauki rigar daga kan tebur, ta kai hancinta, ta rufe ido.

"Har yanzu yana sa ta," ta ce a hankali. "Ga ƙamshin man zafinsa."

"Duk ranar da ƙasa ke wasa," in ji matar Katanga. Gaskiya ne. Ranar wasa sai ta sa masa ita, ta jingina shi da matashi a gaban talabijin. In abokan hamayya suka taso wa raga, hannunsa mai lafiya sai ya miƙe shi kaɗai, yatsun nan biyu a karkace. Yau ma akwai wasa da la'asar. Daga ƙarƙashin matashinsa ta zare ta yana barci, ta bar wa maƙwabciya amanarsa.

Wata ma'aikaciya ta iso sanye da farar safar hannu, ta miƙo hannu biyu. "Hajjaju, a daina taɓawa haka, gumin hannu yana lalata zare. Za mu sa mata magani mu rufe."

"In an rufe, ranar wasa fa? In zo in karɓa in dawo da ita?"

Ma'aikaciyar ta yi murmushi. "Ai abin da ya shiga gilashi ya shiga ke nan. Ko mu ba ma buɗewa."

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta nuna akwatin mijinta da haɓa. "Jiya bayan an watse na ce su buɗe min in taɓa wuyan rigar. Wuyan kawai. Suka ce doka ta hana. Shekara nawa tana cikin akwatin kayana, in na kasa barci in ɗauko. Suka zo suka yi min daɗin baki, na ba su. Yanzu in zan ga mijina sai na biyo ta wajen maigadi."

Matar Katanga ta dubi akwatin. Rigar Lamba Tara ta sha guga, an cusa mata wani abu ta yi ƙirji, ba kai, ba hannu. Fitila tana haska ta ta ko'ina. Ta yi kyau ƙwarai, wannan kam ba ƙarya. Ta dubi wurin da aka ce za a kafa nata, har ta hango shi, ya ɗara da taƙi ɗaya, mutane suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Shekara arba'in tana jiran wannan taƙin.

Ma'aikaciyar ta kama hannun baƙar rigar. Matar Katanga ta fizge.

"Sake min. Da mai ita."

"Mama, ai mun gama magana," in ji sakatare.

"Kun gama dai. Ku gyara hotonku, ku mayar masa da kansa da jikinsa. In na dawo na tarar da hannu kaɗai, wallahi da gawayi zan zana sauran a bangon nan. Riga kuwa ku jira. Ba yanzu ba."

Ta cusa ta a leda, ta shanye lemon tas don kada a ce ta bar musu, ta kama hanya. A bakin ƙofa Auta ta cim mata.

"Yaya, mu tafi a motar. Kafin ki samu bas an fara wasa."

Ta so ta ce a'a. Gwiwarta ce ta amsa. Kujerar motar laushi kamar katifa, abin da ya ƙara ɓata mata rai.

Sun tarar da Katanga a farke, ya birkita matashin, hannunsa mai lafiya yana lalube a kan zanin gado. Da ya ga ledar sai ya tsaya, ya kafe matarsa da ido.

"To, na ji. Kar ka harare ni. Yawo na kai ta, ta ga gari."

Ta kunna talabijin, ana taken ƙasa. Ta zauna a bakin gado, ta ciro rigar, ta fara zura masa hannun da ya mutu, ta ja a hankali har yatsu suka fito, sannan ta zura kansa. Wuyan rigar ya maƙale a kunnensa, ta gyara, ta shafa masa furfurar da ta hargitse. Ya yi wani gurnani, ta ce, "Na sani, na sani, masu tsaron bayan nan ba su da amfani."

Da ta waiwaya sai ta ga Auta tsaye a tsakiyar ɗaki, da adonta da jakarta, tana kallon hannun yayarta a kan furfurar. Matar Katanga ta san wannan kallon. Ita ta yi shi jiya, a gaban talabijin ɗin nan. Ta jira ta ji daɗin da ta daɗe tana tanadi, bai zo da yawa ba.

A waje direba ya danna hon, lokacin mayar da mota ya yi.

"Ki sallame shi," ta ce. "Ki ajiye jakar nan ki zo ki riƙe masa matashi ta wancan gefen. Kuma ki matsa, kin tare masa raga."