Awon Ƙafar Tsuntsuwa

Ranar da zan taho karatu, Tsuntsuwa tana barci a cinyar Umma. Shekararta biyu da wata ɗaya. Ban tashe ta ba, don na san idan ta buɗe ido ta kira ni, jirgin nan sai dai ya tashi ba ni. Na durƙusa na ɗora ƙafarta ta dama a tafin hannuna. Diddigen ya zauna a gindin tafin, babban yatsan ya tsaya daidai gaɓar tsakiya ta doguwar yatsata. Ba don awo na yi ba, so nake kawai in taɓa wani wuri a jikinta da ba zai farkar da ita ba. Amma hannun ya riƙe awon.

Tsuntsuwa 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Umma ce ta laƙaba mata sunan saboda yadda take tsattsagar abinci. Aikin babanta na yawo ne, shi ya sa aka bar ta a gidanmu, wajen Umma da ƙanwata Auta.

A nan ɗakinmu yana hawa na huɗu: gado biyu, tebur biyu, da taga mai kallon wurin jingine kekuna. Daga Litinin zuwa Juma'a ba ni da lokacin kewa, ɗakin gwaje-gwaje ya cinye ni. Asabar ce matsalata. Ginin yakan yi tsit, ni kuma in zauna in tasa waya a gaba ina jiran Auta ta gama wanki ta kira ni.

Wadda muke ɗaki ɗaya ita ta ƙi yarda da wannan. Madugu muke ce mata, don tun ranar Laraba take fitar da jadawalin tafiyar ƙarshen mako, har da lokacin da za a sha shayi. Wanda ya makara minti biyu, zai ji a jikinsa.

“Ke wai karatu kika zo ko gadin ɗaki?” in ji ta wata Juma'a. “Wayar nan ai tana shiga jirgin ƙasa. Tashi ki haɗa jaka.”

Haka na shiga ayarinsu, mu biyar. Kowace Asabar ta biyu sai mu hau jirgi mu sauka wani gari. Su kam gine-gine suka sa a gaba. Kowane tsohon bango sai an tsaya an yi masa hoto, kai ka ce danginsu ne. Ni kuwa a tafiyar farko na hango shagon takalman yara a wani lungu, na ce su yi gaba zan same su. Na ɗauki wani ja mai maɓalli, na kwantar da shi a tafina, ya zauna cif. Daga ranar ya zame mini jiki. Ba kowane gari nake samun wanda ya kwanta mini ba, amma cikin wata goma sha biyar na tara takalmi ƙafa bakwai a akwati ƙarƙashin gado. Sau biyu ana samun mai zuwa gida, na ƙi ba da saƙo. Ni nake so in sa mata da hannuna.

Asabar ɗin da nake ba da labari, wani ƙaramin gari muka je a bakin tafki. Iska mai sanyi na kaɗawa, su Madugu suka tafi layin kwalekwale, ni na bi titin bayan tasha. Shagon ƙarami ne, yana ƙanshin fata da man goge takalmi. Mai shagon tsohuwa ce, tabarau a rataye a wuyanta, ga wani ɗan benci na yara da katakonsa ya sha zama har ya yi sulɓi.

Na zaɓi wani ruwan ƙasa mai igiya, na auna a hannuna yadda na saba, na miƙa mata. Ta yi magana a hankali, yadda suke yi mana mu baƙi.

“Shekarar yarinyar nawa?”

“Uku da wata huɗu.”

Ta sa tabarau ta dubi takalmin, ta dube ni. Ta shige ciki, ta fito da irinsa sak, amma babba.

Raina ya ɓaci. Ni mutum ce mai saurin hawa, na sani, amma a ce wata da ba ta taɓa ganin 'yata ba za ta koya mini ƙafarta? Na ture babban gefe.

“Baba, wancan nake so. 'Yata ƙarama ce, ba ta da jiki. Na san ƙafarta.”

“Na yarda,” ta ce. “Yaushe rabonki da riƙe ta?”

Na ajiye takalmin na fita.

Akwai dakali a gaban shagon, nan na zauna na kira Auta. Kullum fuska nake gani a wayar nan: kumatu, kitso, wani lokaci goshi kawai idan ta matso da yawa. Ban taɓa cewa a nuna mini ƙasa ba.

“Yaya, yau kuma wane gari aka dira?” in ji Auta, hannunta duk kumfa.

“Auta, ɗauraye hannunki ki kamo mini Tsuntsuwa. Ki ɗora ƙafarta a tafinki, diddigen a gindin tafin.”

“Ikon Allah. Wannan kuma cikin karatun ne?”

“Don Allah ki yi kawai.”

Ta jingina wayar da bokiti. Na ji tana lallashi, na ji Umma daga nesa tana cewa a bar yarinya ta yi wasanta. Can sai ga ƙafa ta cika gilashin wayar, da ƙasa-ƙasa a tsakanin yatsu. Hannuna da na Auta ɗaya ne, zobe ɗaya muke sawa. Babban yatsan ya wuce gaɓar tsakiya, ya kai gaɓar ƙarshe. A gefen idon sawun akwai tabo, tsoho, har ya yi fari.

“Wannan tabon fa?”

“Au, tun bara ne, ƙofa ce ta kama ta. Umma ta ce kada a faɗa miki, kina jarrabawa.”

Tsuntsuwa ta fizge ƙafarta ta zura da gudu. Ko fuskarta ban gani ba ranar. Na yi sallama da Auta da wata murya da ba tawa ba, na kife wayar a cinya. Kewarta ta taso mini, na yi kuka sosai a kan dakalin mutane, masu wucewa suna kawar da kai. Ƙafa bakwai, ba ɗaya da zai shige ta. Wata goma sha biyar ina yi wa yarinyar da ke barci a cinyar Umma sayayya, alhali ta daɗe da tashi.

Madugu ta aiko saƙo cewa saura minti ashirin jirgi ya tashi. Na share fuska na koma shagon. Tsohuwar tana nan inda na bar ta, babban takalmin yana kan teburinta, ba ta mayar ba.

“Ki yi haƙuri, Baba,” na ce. “Wannan ɗin zan ɗauka.”

Ta jawo takarda za ta naɗe, sai ta dakata.

“Yaushe za ki koma wajenta?”

“Saura wata tara.”

Ta ajiye takardar. Ta ɗauki takalmin ta sake shigewa ciki, na ji tana jan tsani. Wanda ta fito da shi, da na ɗora a hannuna, ya rufe tafin gaba ɗaya har ya ɗan leƙa gaban yatsuna.

“Kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kan wata taran,” ta ce. “In kin ƙara, wannan ma ba zai shige ta ba.”