Garar da ke Cin Kirya

Shekarar da ruwan dam na Bakolori ya cinye gonakinsu a ƙasar Maradun, Marka ba ta fito da wani abin kirki ba sai taɓaryar kirya da uwarta ta bar mata. Mijinta Hayatu kuwa, da noma ya ƙare, ya kafa rumfar faci a bakin tashar Talata Mafara. Bai zauna kuka ba, kuma haka ya kamata magidanci ya yi.

Sai dai facinsa ba ya ƙarko, rana na dukansa yake tsagewa. Wata rana garin katako ya zuba cikin ɗanyar robar da ya jiƙa da fetur. Tsabar tsumulmula ta hana shi zubarwa, ya gasa ta haka nan, sai ga faci ya yi tauri kamar kirgi. Ya gwada itace iri-iri, ya tarar babu kamar kirya. To, kiryar yankin duk katafila ta tumɓuke. Saura guda, tana jingine a bayan ɗakin matarsa.

Sai ya shiga sata, kuma sata sunanta sata ko a gidanka ne. Marka na tafiya rijiya da gugarta ta roba, shi kuma ya sa magagari a gindin taɓarya, ya ƙulle garin a tsumma. Taɓarya tana ramewa, daka yana ƙara wuya, har ran da ta dawo da wuri ta same shi tsugune.

"Malam! Ashe kai na garar gidan ga? Ni ina ta mamakin garar da ka cin kirya!"

"Wallahi kaɗan-kaɗan nika ɗiba."

"Ruwa ya ci gona, kai ka ci taɓarya. Mi ya rage min na Inna?"

Hayatu ya sunkuyar da kai, sannan ya nuna gugar da ke hannunta. "Yaushe rabonta da yoyo? Da can rabin ruwa kika hiddowa, igiya na yanka miki hannu a banza. Garin taɓaryar na farko, nan ya tahi."

Marka ta kifa gugar. Ga faci ja-ja-ja a gindinta, launin taɓaryar sak. Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

Can ta ɗauko wuƙa, ta auna faɗin tafin hannu daga gindin taɓaryar, ta tsaga layi.

"Daga nan zuwa ƙasa naka ne. Ka ƙetare shi, da sauran zan daka ka."

Ta saɓa abarta ta kai ƙuryar ɗaki, tana danne dariya.