Fulogin Babur ɗin Mai Agogo

"Ƙara taka shi," in ji Mai Agogo daga kan benci.

Makanike ya ƙara taka kik. Babur ɗin ya yi tari biyu ya mutu, kamar dai jiya da shekaranjiya. Ya share gumi da bayan hannu, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin tanki, wai shi mai neman matsala.

"Kabureta ce, Baba. Sai an kawo wata."

"Satin farko kwayil ka ce."

"Da kwayil ɗin da kaburetar, duk tsufa ne ke damunsu."

"To ai ciwonmu ɗaya ke nan," in ji tsohon. Ya yi dariya har ta koma masa tari.

Ƙarya Makanike yake shararawa, kuma ko iya ta bai yi ba. Sati uku da suka wuce, ɗan Mai Agogo, wanda ke aikin jinya a babban asibiti, ya ja shi bayan gareji ya ce masa zuciyar Baba ta kumbura, likita ya hana shi ko da hawa bene. Shi kuwa tsohon ya kafe sai ya kai matarsa Inna bakin tafki a kan babur, tafiyar awa biyu. "Idan ya kawo maka gyara, don girman Allah kada ya tashi," in ji ɗan. Makanike ya amsa. Ranar da aka turo masa babur ɗin a duba birki, ya faki ido ya kwance fulogi mai rai, ya ɗaura wani matacce da ya tsinto a gwangwanin tarkace.

Abin ya tsaya masa a wuya, don shekara ashirin da biyu bango ɗaya ya raba garejinsa da shagon gyaran agogon. Idan ɗan ramin kabureta ya toshe, gilashin ido ɗaya na tsohon yake ara. Ko lokacin buɗe gareji ba ya duba agogo. Da ya ji ƙarar babur ɗin ta shigo layi ya san bakwai ta yi, kuma ko idonsa a rufe ya san hannun mai shi, don Mai Agogo a hankali yake canza giya, kamar mai gudun tada jariri.

Zancen tafkin kuwa ya girmi garejin. A shagon akwai wata tsohuwar kalanda da ta koɗe, mai hoton garin: ruwa shimfiɗe, ƙananan jirage, kujeru ƙarƙashin lema. Shekarar da ya sayi babur ya yi wa Inna alkawarin kai ta. Wata shekara haihuwa ta hana, wata ciwo, wata ruwan sama, saura kuma ba wanda ya tuna dalili.

Da la'asar, bayan tsohon ya koma gida, sai ga Inna da kanta, wadda ba ta taɓa taka garejin ba. Ta tsallake kwatar baƙin mai tana riƙe da bakin zanenta, ta tsaya a kansa.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Inna, ke ce da kanki? Ai da kin aiko."

"Wannan ba na aike ba ne. Ni ban san gyara ba, amma na san mijina. Kwana ashirin ke nan yana goge hulunan kwano biyu kullum da safe."

Makanike ya sunkuyar da kai yana juya sufana a hannu. "Inna, likita fa ya ce..."

"Ina wurin ya faɗa. Ya ce kada ya hau babur. Ka ji ya ce in ya zauna zai warke?"

"To in wani abu ya faru a hanya?"

"A gida ma zai faru. Kuma ni ce zan zauna a bayansa, ba kai ba, ba ɗana ba."

Ba ta jira amsa ba ta juya. Makanike ya daɗe a durƙushe. In ya gyara, ya ci amanar ɗan, kuma wataƙila da hannunsa ya tura tsohon inda ba a dawowa. In ya ƙi, ya san kalandar nan za ta riƙa kallonsa har ƙarshen ransa. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko fulogin da ya ɓoye a cikin tsumma, ya mayar da shi. Taka ɗaya babur ya tashi.

Asabar da hantsi suka fito. Makanike ya ɗaure sarƙa, ya duba iskar taya, ya matse birki har sau uku, abin da ko wa mai biyan ninki ba ya yi. Mai Agogo ya saurari injin, kai a karkace.

"Kaburetar ta iso ke nan?"

"Ta iso, Baba."

"Madalla. Sabuwa fil, har da ƙurar tsohuwar a jikinta."

Inna ta hau baya, hular kwano a kan ɗankwali, jaka da filas ɗin shayi a cinya. Suka fita layin a hankali. Makanike ya tsaya yana ƙirga giya da kunne, ɗaya, biyu, uku, har ƙarar ta ɓace.

Ranar ba aikin kirki da ya yi. Ya ɗaura wa wani tayar gaba a karkace, ya zuba wa wani mai har ya malala ƙasa. Wajen azahar ɗan ya zo duba iyayensa ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya zarce gareji. Bai yi ihu ba, wanda da ya yi da ya fi sauƙi.

"Na amince maka," kawai ya ce.

Ya kira wayar uban, a kashe. Ta uwar kuwa tana ta ringi ba mai ɗauka. Ya zauna a ƙarshen bencin, Makanike a ɗaya ƙarshen, har inuwar garejin ta tsallaka titi.

Rana ta yi ja sannan Makanike ya miƙe zumbur.

"Ga shi can."

"Ina? Ni ban ji komai ba."

"Shi ne. Amma ba hannunsa ba ne."

Injin kuka yake yi, a giya biyu, an murɗe masa totur ba sassauci. Mai Agogo ko da wuƙa a wuya ba zai yi wa babur ɗinsa haka ba. Gaban Makanike ya faɗi, don abu ɗaya ne ke sa baƙo ya dawo wa mutum da babur.

Sai ga shi ya karyo kwana yana tangaɗi. Inna ce a gaba, hular kwano ta zame mata har kan ido ɗaya, ta riƙe kan babur kamar mai riƙe da ƙahon sa. Tsohon yana bayanta, ta ɗaure shi a jikinta da gyale, kansa kwance a kafaɗarta. Makanike ya tare su ya kashe makulli, don da alama tsayawa ba ta cikin abin da aka koya mata. Ɗan ya kama hannun uban yana laluben jijiya.

Mai Agogo ya buɗe ido.

"Tun daga gada nake ce mata ta sa giya uku."

"Biyu ka koya mini ina amarya, biyu na sani," in ji Inna tana haki. "Ku kwance mini shi, ya fi buhu nauyi."

Makanike ya juya baya yana duba injin da ke tururi, kuma ya daɗe yana dubawa.

A tsaye a bakin ƙofa ta ba su labari. Sun isa lafiya. Sun ci soyayyen kifi a ƙarƙashin lema, sun shiga jirgi, ta rufe ido tun daga tashi har dawowa. Shi kuma ya naɗe wando ya tsoma ƙafa a ruwa, ya kuma tsare mai jirgin sai da ya gyara masa agogonsa da ke baya da minti shida. A hanyar dawowa ne hannunsa ya mutu, ya samu ya tsaya a wani gidan mai, suka yi musanyen wuri.

"To ya tafkin, Baba?" in ji Makanike.

"Na kalanda ya fi shuɗi. Amma wannan akwai iska."

Bai ƙara fitowa shago ba. Ranar Laraba da safe ya sha shayinsa, ya ce a gyara masa filo, kafin Inna ta dawo daga ajiye kofi ya cika. Makanike yana cikin waɗanda suka ɗauke shi. Ɗan ya karɓi gaisuwarsa bai ɗago kai ba, shi kuma bai ga laifinsa ba, don tambayar da ɗan bai yi ba ita yake yi wa kansa: da bai mayar da fulogin ba fa?

Bayan kwana goma Inna ta aiko ya zo. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki. Ta miƙo masa wani ƙaramin gwangwani, irin wanda marigayin ke zuba ƙananan ƙusoshin agogo.

"Ya ce in ba ka."

Ya buɗe. Fulogi ne sabo, a cikin kwalinsa, ko ɓare shi ba a yi ba.

"Washegarin da ka ce kwayil ne ya sayo shi," in ji Inna. "Ya ce wanda ke jin ciwon agogo da kunne, mataccen fulogi ne zai ɓuya masa?"

Makanike ya juya kwalin a hannu. "To me ya hana shi ɗaurawa, Inna? Aikin minti biyu ne."

"Na tambaye shi. Ya ce in ya ɗaura da hannunsa ya mai da kai maƙaryaci, ba za ka ƙara iya zama benci ɗaya da shi ba. Gara ya jira ka mayar da kanka. Kullum ya dawo sai ya ce mini, 'Gobe zai sa.' Ni ce na gaji da jira na je maka, shi bai ma sani ba."

Sati uku. Cikin 'yan kwanakin da suka rage masa, sati uku ya zauna a benci yana cewa a ƙara takawa. Makanike ya yi sallama ya tashi.

Babur ɗin na nan a gareji inda aka jingine shi tun ranar Asabar ɗin. A matakin baya, inda tsohon ya ɗora ƙafa, farin yashin bakin tafki ya bushe ya manne. Makanike ya ɗauki tsumma zai goge, ya tsaya, ya mayar da tsumman aljihu. Ya ɗora gwangwanin a kan kanta kusa da sufanu, ya zauna a nasa gefen bencin. Ta bayan bango, a cikin rufaffen shagon, wani agogo ya buga bakwai, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.