Saiwar da Na Ƙara

…kuma ba wanda ya ce in zauna a nan, ni na zaɓi bencin. Daga nan ake hango su ta gilashi. Farare tas, idanu jajaye, kowane da ɗigon tawada a wutsiya. Ɓera har da alama. Ni da na ƙare rayuwata ina bin su da tsintsiya a ɗakin ajiya, yau ga ni na yi wanka, na ɗaura zanen fita, na zo dubiya.

Baban yara, da kana raye da ka yi dariya har ka ƙware. Ko kuwa da ba ka yi ba.

Autarka ce a cikin ɗakin gwajin. Farar riga, safar hannu, baki a rufe da ƙyalle, ta sunkuya kan keji tana kallo. Ita ta zo ta same ni ina shanya, ta ce in ba ta maganin zazzaɓin nan nawa, da shi za ta kammala karatunta. Wai a kan ɓeraye ake fara gwadawa, a ga ko yana cutar da jiki, kafin a ce komai a kansa. Ganyen kawai, busasshe, dakakke, kamar yadda nake ba mutane. Haka ta ce. Na ji sarai, kunnena lafiyarsa ƙalau. Ba zan laƙa wa tsufa wannan ba.

To me ya kai hannuna tulun baya?

Sanyin wurin nan ya isa ƙashi. Na'ura tana ta hura iska saboda ɓeraye — ɓeraye! — ni kuwa gumi nake.

Sana'armu ce haka, ko kuwa ni ce haka? Duk wanda ya ce kawo in gwada, to ƙure ka yake son yi. Ba ka miƙa masa na yau da kullum. Ka ba shi wanda zai ji a jikinsa, ya san ba da ruwa kake wasa ba. Ba wanda ya koya mini aikin nan, da harshena na ɗanɗana kowane ganye, da cikina na gane wanda ke murɗawa, kuma ban taɓa bari an raina ni ba. Sai na zauna gaban turmi ina tunani: masu fararen riguna za su jiƙa garina, su tace, su ɗura wa ɓera, ɓera ya yi hamma ya ci gaba da cin abincinsa. Su dubi juna. Maganin tsohuwa shayi ne. A gaban 'yata…

Saiwar nan ta tulun baya. Ka san ta, wadda nake shafa maka a gwiwa, ina ce maka ka wanke hannu kafin ka kai baki. Ba a sha. Ban taɓa ba ɗan Adam ya sha ba, ko sau ɗaya. Na kankaro kaɗan — kaɗan ne? — na daka a ciki, na tankaɗe har launi ya saje. Don dai su ga yana aiki. Na ƙulle leda na miƙa mata, har da sa albarka.

Ga kejin gefe, waɗanda ruwa kawai aka ba su. Dubi yadda suke hawa kan juna, suna tonon garin katako, ƙoshi ya ishe su. Sauran kuwa, waɗanda aka ɗura wa nawa… sun taru a kusurwa, gashi a tsaye, haƙarƙari na sama da ƙasa. Ɗaya yana jan ƙafafun baya kamar ba nasa ba. Mai kula da su ta ɗago wani ta wutsiya, ta sa a leda, ta ɗaure. Ko motsi.

Ɓera ne fa. Na kashe ɗaruruwa ban ji komai ba. Amma waɗancan ɓarayi ne, sun zo mini sata. Waɗannan an buɗe musu baki ne an zuba.

Malamin nasu ya wuce ɗazu, mai furfura, ya rusuna ya gaishe ni. Ya ce sun gode, Mama, ba kowa ke yarda a duba maganinsa ba, sai mai gaskiya. Na ce ba komai. Ba komai! Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, in ja ta in rufe kaina.

An buɗe cikin waɗanda suka mutu, in ji Auta. Hanta ta kumbura, ta sauya launi. Da ta zo gida faɗa mini ba ta iya duban idona. Ta ce ta zubar da kwalbar maganina da ke gidanta, wadda take ba ɗanta in jikinsa ya yi zafi. Ta kai shi asibiti an ɗebi jininsa. Jikana, da allura a hannu, yana kuka, a kan ganyen da bai taɓa yi wa kowa komai ba. Ganyen da ita kanta ta sha tun tana rarrafe. Yanzu tana lissafa maƙwabta a ranta, na sani — mai ɗinki, matar direba, tsohon nan da ya rasu bara da kumburin ƙafa — tana tambayar kanta ko uwarta ce sanadi.

Ni kuwa na zauna ina gyara ɗankwali.

In na yi shiru, za ta rubuta cewa guba ne. Da hannunta, da sunanta a ƙasa. Ƙarya ce, kuma ita za ta ɗauke ta ba ta sani ba, ta tsaya gaban manya ta kare ta. In na yi magana… watannin nan da ta yi tana awo, tana kwana da warin keji a riga, duk sun tafi a banza. Ta koma gaban mai furfura ta ce, ranka ya daɗe, uwata ce ta yi mana algus. Wace fuska? Tata ko tawa? Ni da nake zagin masu cuɗa gari da ƙasa a kasuwa, ina nuna su da baki.

Faɗa mini mana, kai da ba ka rasa abin cewa. 

Ta cire safar hannu. Tana wanke hannu, a hankali, yatsa-yatsa. Ƙofa. Ga ta nan. Idanun sun yi ja — kuka ta yi, ko ƙyallen ne ya matse ta? Bari ta yi faɗa. Allah Ya sa ta yi faɗa, na iya faɗa, in ta ɗaga murya zan samu bakin…

Ta zauna. Ta kama hannuna, wannan hannun, na daman, ta riƙe da nata biyu. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Inna, kada ki sa a ranki. Ba laifinki ba ne. Ai ba ki sani ba."

Na sani.

Na buɗe baki in faɗa mata… Tana jira. Tana ma murmushi, don ta ƙarfafa ni — ni.