Tambaya daga Legas

Sista Bridget ta warware bandejin a hankali har ta iso inda ya manne da nama. Warin ne ya fara gaya mata abin da za ta gani. Babban yatsan ƙafar Alhaji Yekini ya yi baƙi ƙirin, baƙin kuma ya soma rarrafawa zuwa na kusa da shi. Shi kuwa mai ƙafar ya kafa wa silin ido yana jan carbi, kamar ƙafar wani ake dubawa.

"Alhaji, ba ya yi maka zafi?"

"Ko kaɗan, Sista. Ai ya daina ciwo. Sauƙi ya samu."

Bridget ta sake duban yatsan. Ta daɗe a aikin jinya, ta san gyambon mai ciwon suga in ya daina zafi ba alheri ba ne. Ta kira Dokta Nwabueze, mai ƙaramin asibitin da take aiki a Sabon Gari. Ya duƙa ya duba, ya miƙe ya cire gilashinsa.

"Baba, sai an cire yatsan nan. In aka yi yanzu, yatsa kawai za ka rasa. In aka jima, ban san inda za a tsaya ba."

"Da shi na zo duniya, Likita, da shi zan koma," in ji Alhaji Yekini. Ya sa aka ɗaure masa ƙafar, ya ɗingisa ya fita ya tari ɗan acaɓa zuwa shagonsa na Kasuwar Singa.

Da rana ta yi sanyi Bridget ta zauna gaban kwamfutar asibitin. A shekarun nan na farko bayan sojoji sun koma bariki, wayar salula ta shigo gari, shagunan intanet suna ta tsirowa a lungunan Sabon Gari. Likita ya dawo daga wani taro da shawarar a riƙa aika wa majinyata wasiƙa ta imel kowane wata: abin da za su ci, yadda za su sha magani, da wani ɗan sashe a ƙarshe inda ake amsa tambayoyin masu karatu ba tare da ambaton suna ba. Yawancin majinyatan ba su da imel, sai dai na 'ya'yansu. Don haka kowace Talata, ranar masu suga da hawan jini, Bridget takan tsaya gaban bencina ta karanta musu wasiƙar da Hausa, tunda ita ce harshen da ya haɗa Ibo da Bayarabe da Bahaushe a ɗakin. Ita ma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta 'yan cikin gari.

Ranar ta tarar da saƙo gajere. "Na daɗe ina samun wasiƙarku, alhali ban taɓa yin kati a asibitinku ba. Wa ya ba ku adireshina? Halimat Yekini, Legas."

Bridget ta jingina da kujera. Ta tuna ranar da take tattara adireshi, yadda Alhaji Yekini, wanda ko takardar magani sai an karanta masa, ya kawo mata nasa da ka, harafi bayan harafi, bai yi tuntuɓe ba. Ta kuma tuna Halimat. 'Yan shekaru da suka wuce aka kawo matar Alhaji, Alhaja Sherifat, rai a hannun Allah, bayan an daɗe ana ba ta jiƙe-jiƙe a gida. Ba ta kwana ba. A barandar asibitin nan, gaban jama'a, 'yarsu tilo ta nuna mahaifinta da yatsa ta ce, "Kai ka kashe ta da saiwoyinka." Bayan sadakar arba'in ta tafi Legas, ba a sake ganinta a unguwarsu ta Fagge ba.

"Ki cire adireshin," in ji likita da ta nuna masa. "Ba mu da ikon gaya mata komai a kan majinyaci."

"Bari in tambayi mai shi tukuna."

Washegari ta shiga Singa, ta ratsa tsakanin manyan motoci da masu dako, ta same shi zaune bayan tarin kwalayen madara da sabulu, ƙafar a kan buhu. Bayan sun gaisa ta ce, "Alhaji, adireshin wa ka ba ni?"

"Kin ce a ba da adireshi, na bayar."

"Ta rubuto."

Yatsunsa suka tsaya a kan carbin. "Me ta ce?"

"Ta ce wa ya ba mu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In gaya mata halin da kake ciki?"

"A'a." Ya gyara zaman hularsa. "Ban neme ta ba ina da ƙafa biyu lafiyayyu. Ba zan neme ta da ruɓaɓɓiya ba, ta ce don ina son mai jinya ne."

"To, in cire ta daga masu karɓar wasiƙar?"

Ya juya ya daka wa wani ɗan dako tsawa a kan kwalin da bai faɗi ba. Sai da ya gama faɗan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wannan kuma ban ce ba, Sista."

Ta koma ta rubuta wa Halimat gaskiyar da take da ikon faɗa: wani majinyacinsu ne ya ba da adireshin, aikinta bai yarje mata ta yi bayani a kansa ba, in kuma tana so a daina aika mata, kalma ɗaya ta isa. Kalmar ba ta zo ba. Makonni suka shige, Bridget tana wanke gyambon tana kallon baƙin yana cin gaba, Alhaji yana kallon silin.

Gab da fitar wasiƙar wata mai zuwa saƙo ya shigo, an rubuta a samansa cewa na sashen tambayoyi ne. "Idan dattijo mai taurin kai yana fama da ciwo, kuma ya fi yarda da jiƙo a kan likita, yaya za a shawo kansa tun lokaci bai ƙure ba? Mai tambayar tana nesa, kuma ba ta iya magana da shi ba tare da faɗa ba. Ku sa: daga Legas."

Likita ya rubuta amsa mai tsafta, ta haƙuri da lallashi da nuna wa mara lafiya haɗarin jinkiri. Ranar Talata Bridget ta karanta wa bencina duka, sai dai ba ta yarda ta dubi kusurwar da Alhaji Yekini yake ba.

"Wallahi matata ce ta aiko wannan," in ji Malam Dabo, wani dillalin atamfa mai hawan jini. "Ta dai ce Legas don kada in gane." Aka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce ai kowane gida da irin wannan dattijon.

Da aka watse Alhaji bai tashi ba. Sai da ɗakin ya zama daga shi sai ita ya ce, "Amsar likita ba ta yi ba."

"Me ya rage a cikinta, Alhaji?"

"Bai san dattijon ba. Ɗauko biro." Ya dubi ƙafarsa, sannan ya fara magana a hankali, yana tsayawa don ta rubuta. "Ki ce wani majinyaci ya ji tambayar. Ya ce dattijon ya daina shan jiƙo tun ranar da ya dawo daga maƙabarta. Ya ce ba wuƙar likita yake tsoro ba. Abin da yake tsoro shi ne ya farka daga allurar barci, ya duba gefen gado ya ga ba kowa sai ma'aikatan shagonsa, suna duba agogo."

"In sa sunanka?"

"Ki sa: daga Fagge."

Wasiƙa ta gaba sai wani watan, ƙafar kuwa ba za ta jira ba. Bridget ta shiga ofishin likita ta ce tana so a fitar da ƙarin wasiƙa a ranar.

"Ga kowa da kowa? Saboda amsa ɗaya?"

"Ta nan suka yarda su yi magana, Likita. In na aika mata ita kaɗai, na zama 'yar aike, kuma ya ce bai aike ni ba."

Ya daɗe yana karanta 'yan layukan. Daga baya ya tura mata takardar ya ce ta aika. Babu wuta, janareton asibiti kuma ya ƙi tashi, sai ta gangara wani shagon intanet ta bi layi, ta zauna tsakanin 'yan makaranta ta buga maganar Alhaji da yatsa biyu.

Amsoshi suka yi ta shigowa. Ɗan wani majinyaci da ke Fatakwal ya tambaya ko babansa ne ya faɗi haka, ya ce zai zo ƙarshen wata. Wata ta rubuto cewa ta karanta a ofis ta kasa ci gaba da aiki. Daga Legas dai shiru. Kullum Alhaji ya zo wankin ciwo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi fuskar Bridget, ta girgiza kai kaɗan, ya shigo ya miƙa ƙafa.

Zazzaɓi ya kayar da shi a shago wata ranar Asabar. Aka kawo shi jikinsa kamar wuta, ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Likita ya duba ya ce maganar yatsa ta wuce, yanzu daga ƙasan gwiwa ne, kuma sai a babban asibiti. Wannan karon Alhaji bai yi musu ba. Ya dangwala yatsa a takardar amincewa, ya riƙo gefen farar rigar Bridget.

"Yanzu ki gaya mata, da sunana. Kada ta ji a bakin masu ta'aziyya."

Ta aika da sunan asibitin da ranar tiyata, ba ta ƙara komai ba. Har ta rufe kwamfutar ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci, amsa ba ta zo ba.

Ran Litinin ta nemi izini ta tafi babban asibitin. An riga an shiga da shi. A kan bencin da ke fuskantar ɗakin tiyata wata mata tana zaune, jakar tafiya a tsakanin ƙafafunta, gyalenta ya yamutse da doguwar tafiyar mota. Ta rame, ta kuma girma, amma Bridget ta gane goshin mahaifinta.

"Ke ce Sista Bridget?" Halimat ta miƙe. "Ki yi haƙuri ban ba da amsa ba. Na zauna gaban kwamfuta ban san abin da zan rubuta ba. Da na ga amsarsa na so in taho, sai na ce bari in gama wani aiki, bari in nemi hutu." Ta dubi ƙofar ɗakin tiyatar. "Da na zo a lokacin, yatsa kawai za a cire, ko?"

Bridget ta so ta ce mata a'a. Ta kama hannunta suka zauna.

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Da ya yarda tun farko, da yatsa ne. Da ni ma na matsa masa fiye da haka, wataƙila. Kowa da nasa. Kin dai zo."

Bayan la'asar ya buɗe ido. Ya dubi silin, ya juyo da kai a hankali ya ga wadda ke zaune a gefen gadon. Ya daɗe yana kallonta, leɓɓansa suka motsa ba sauti, sannan barci ya sake ɗauke shi. Halimat ba ta motsa daga kujerar ba. Idonta yana kan bargon, inda ya kwanta shafal daga gwiwar hagu zuwa ƙasa.

Kwana biyu bayan haka Bridget ta koma dubiya da lemo a leda. Tun daga baranda ta jiyo muryoyinsu, da Yarabanci, wanda ba ta ji sai gaisuwa. Ba hira suke ba. Muryar Alhaji a dashe take amma da zafi, ta Halimat tana hawa tana sauka, tana karyewa, tana sake tashi. Sunan Sherifat ya fito, ya sake fitowa. Majinyacin gadon kusa ya juya musu baya ya rufe kai da zane.

Ta tsaya a bakin labule ta leƙa. An tayar da Alhaji zaune, an jingina shi da matasai, hannayen rigarsa a naɗe, fuskarsa da gemunsa a jiƙe da ruwan alwala. Ya kasa kai hannu ƙasa. Halimat ce durƙushe a gaban gadon da buta da ƙaramin baho, ta tallafo ƙafarsa ta dama a tafin hannunta tana zuba ruwa, tana bin tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na sauka a haɓarta, bakinta bai daina mayar masa da magana ba, shi ma bai daina ba.

Bridget ta ajiye ledar lemon a kan kabad ɗin bakin ƙofa, ta ja labulen ya rufu, ta fita neman abin hawa zuwa Sabon Gari.