Goɗiyar Mainasara

Mainasara manomin albasa ne a Rabah, yana da goɗiya ɗaya, ja, wadda yake hawa zuwa kasuwar Achida. A shekarar da Turawa suka turo malaman dabbobi suna bin garuruwa don gano abin da ke haukata karnuka da dawaki, wani baƙon kare ya faɗo gidansa ya cije ta a dunduniya. Samari suka bi shi da sanduna, ya ɓace cikin fadama. Ciwon ya warke, kowa ya manta.

Bayan an yi girbi goɗiyar ta daina cin harawa. Sai dalala, sai tauna turke. Mainasara ya zaci kara ne ya maƙale mata, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin bakinta yana lalube. Bai samu komai ba.

Matarsa Kulu ce ta aika a kira Malam Yusha'u, malamin dabbobin da ya sauka gidan hakimi. Da ya zo bai matsa kusa ba. Daga bakin zaure ya tsaya yana kallon yadda goɗiyar ke saran ƙafarta da haƙori har jini na zuba. Ya yi tambaya game da karnuka, Kulu ta ba shi labari. Can idonsa ya sauka kan wani ciwo a hannun maigidan.

"Baba, mi ya samu hannun ga naka?"

Mainasara ya ce yankan lauje ne, ba wani abu ba. Yusha'u ya ji cewa hannun nan ne ya shiga bakin goɗiyar. Nan take ya sa aka kawo sabulu, ya wanke ciwon da kansa har Mainasara ya cije leɓe. Ya bayyana masa cewa sai an harbe goɗiyar, a yanke kanta a aika can wajen Jos a duba ƙwaƙwalwar da madubin likita. Shi kuma Mainasara ba zai jira sakamako ba, yau zai bi mota zuwa asibitin Sakkwato.

Mainasara ya ƙi. Ya ce tun tana 'yar duƙushiya yake kiwonta, ta san muryarsa. Ya nufe ta yana kiran sunanta a hankali. Ta ɗago kai, ta zabura da baki buɗe, igiya ta fizge ta daf da kafaɗarsa. Turken ya karkace. Kulu ta kama rigarsa ta baya ta janye shi.

Ya daɗe tsaye. "Ku kira mai bindiga," in ji shi, ya fita don kada ya gani.

A Sakkwato kullum sai an soka masa allura a gefen cibiya, cikinsa ya kumbura. Ya ji ana cewa mai wannan ciwo ruwa yake gudu, don haka ko ƙishirwa ba ya ji sai ya kurɓa, yana sauraren maƙogwaronsa.

Yana komawa gida Yusha'u ya zo ya shaida masa lallai haukan kare aka gani a ƙwaƙwalwar goɗiyar. Damina ta zo ta wuce, Mainasara lafiya lau. Da aka ce mutanen Goronyo suna ɓoye dabbobinsu don kada a harbe su, Yusha'u ya roƙe shi ya raka shi ya yi musu bayani da bakinsa. Ya ari jakin maƙwabcinsa, suka kama hanya.